Babban baƙi ba rawani ba ne

Ranar da aka fara koya mana ƙa'idojin rubutun Hausa a aji ɗaya, Malam ya rubuta jimloli biyu a allo: "Direba ya sauka lafiya" da kuma "Direba ya sauka Lafiya." Ya ce mu karanta da ƙarfi. Muka karanta, kunne bai ji wani bambanci ba. Sai ya ce to wacce daga ciki za mu aika wa matar direban? Ta farko dai albishir ce. Ta biyu kuwa ba ta ce komai ba game da halin da mutumin yake ciki, iyakarta ta nuna yana babban birnin Jihar Nasarawa, wataƙila ma a gadon asibiti. Muka yi dariya, muka kwafa a littafi, muka haddace ta tare da 'yan'uwanta, su dutse da Dutse, kura da Kura, rimi da Rimi. Ni dai a lokacin na ɗauka iyakar amfanin abin ke nan, maki biyu ko uku a ƙarshen zango.

Wanda ya dawo mini da wannan darasi bayan shekara biyu wani abokina ne ɗan sashen nazarin kwamfuta, Bahaushe haifaffen Sabo, wanda muke ɗaki ɗaya da shi. An ba shi aikin gina wa wata ƙungiyar ɗalibai shafin intanet inda mambobi za su riƙa yin rajista, su saka sunansu da lambar wayarsu, su duba ko sun biya kuɗin ƙungiya. A nan ya kamata in ɗan yi bayani saboda waɗanda, kamar ni, ba fagensu ba ne. Mai gina shafi a yau ba ya fara komai daga tushe. Kamar yadda magini yake sayen bulo bugagge da firam ɗin ƙofa da na taga ya harhaɗa, haka shi ma yake ɗauko wata babbar manhaja da wasu suka riga suka tsara, wadda ta zo da hanyar yin rajista da adana bayanai da kare shafi daga masu kutse, shi kuma ya ɗora nasa a kai. Ita ce zan riƙa kira firam a wannan rubutu. Suna da yawa, akwai Laravel, akwai Ruby on Rails, akwai Flask. Wanda abokina ya zaɓa shi ne Django, wanda aka rubuta da harshen kwamfuta na Python, aka ƙirƙire shi a ofishin wata jarida mai suna Lawrence Journal-World a Jihar Kansas ta Amurka, aka kuma sake shi ga duniya kyauta a 2005. Kowane firam yana da littafin jagora, kuma babin da kuskure ya fi tsada a cikinsa shi ne babin tsaro, domin a nan ne ake gaya wa magini ƙofar da zai kulle da kuma yadda zai kulle ta.

Abokina bai tsaya karanta jagoran na asali ba, saboda yawansa da kuma tsadar data. Wata 'yar takarda ya samu mai shafi huɗu, wadda wani da ke gabansu a aji ya taƙaita babin tsaron a cikinta, ana ta yawo da ita a wayoyi. Takardar ta yi kyau a ido. Sai dai marubucinta yana da wata ɗabi'a, wato duk kalmar da ya ga tana da muhimmanci sai ya fara ta da babban baƙi, sauran haruffan kuma ƙanana. Ya rubuta Cookie, ya rubuta Session, ya rubuta Password, ya rubuta Debug. Ko'ina ka duba kalmomi ne sanye da rawani kamar ranar hawan sallah.

A cikin Django akwai wani saiti da ake kunnawa lokacin da ake cikin gini. Idan yana kunne kuma aka sami matsala, shafin zai fito da wani dogon bayani mai rawayan kai, ya nuna wa magini layin da kuskure ya faru, da sunayen fayiloli da inda suke zaune, da abubuwan da manhajar take riƙe da su a daidai lokacin. Wannan alheri ne ga magini. Amma idan aka buɗe shafin ga jama'a ba a kashe shi ba, to an rataye taswirar gida a ƙofar gida, duk ɓarawon da ya zo wucewa ya tsaya ya karanta. Django yana ɓoye wasu abubuwa masu alamar sirri a wannan bayani, amma abin da ya rage ma ya ishi mai mugun nufi jari. Shi ya sa kusan gargaɗin farko a harkar shi ne a kashe wannan saiti kafin a buɗe shafi. Abokina ya bi umarni. Ya gangara ƙarshen fayil ɗin saituna ya rubuta abin da takardar ta ce: Debug = False. Kwamfuta ba ta ce uffan ba. Ya buɗe shafin, ya kwanta barci da murna. Sai bayan mako guda wata ɗaliba ta turo masa hoton wancan shafi mai rawayan kai tana tambaya ko wayarta ce ta lalace.

Abin da ya faru shi ne, Django ba ya karanta wani saiti sai wanda aka rubuta sunansa gaba ɗaya da manyan baƙaƙe. Yakan bi sunayen da ke cikin fayil ɗin ɗaya bayan ɗaya, wanda duk ya ga da ƙaramin baƙi a jikinsa sai ya tsallake shi, ba tare da ya yi gargaɗi ba. A saman fayil ɗin akwai DEBUG = True, wanda Django yake rubuta wa kowane sabon aiki tun farko. Shi ya ci gaba da aiki. Wancan Debug na abokina kuwa wani baƙo ne kawai da ba wanda ya san shi. Flask ma haka yake yi idan yana ɗauko saituna daga fayil, manyan baƙaƙe kaɗai yake gani.

Ka dubi layin da ya kamata ya rubuta, mai karatu: DEBUG = False. Kalma biyu ce kacal, amma ƙa'ida biyu ce take mulkinsu. Ta farko duka manya, ta biyu farkonta kaɗai. Da a kalma ta biyu ya yi kuskure ya rubuta false, da Python ya tsaya cik ya yi masa ihu, ya gyara cikin minti ɗaya. Kuskuren kalma ta farko ne ba ya ihu. Irinsa kuwa suna nan jere a babin tsaro, su SESSION_COOKIE_SECURE da CSRF_COOKIE_SECURE da SECURE_SSL_REDIRECT, waɗanda a kashe suke zuwa, sai magini ya kunna su. Wanda ya kunna su da ƙananan baƙaƙe ya sa kwaɗo ne a ƙofa bai danna ba. Gaskiya ne akwai wani umarni na duba shiri kafin buɗe shafi, check --deploy, wanda da ya yi amfani da shi da ya tona asirin, amma takardar ba ta ambace shi ba.

To ga ra'ayina, kuma a kansa zan tsaya. A rubutun da ya shafi tsaro, babban baƙi alama ce mai ɗauke da saƙo, kuma alama ba ta aiki sai idan ba a yi almubazzaranci da ita ba. Wurare biyu kaɗai na yarda a sa shi. Na farko, inda na'ura ta ce haka take so, a nan sai a kwafa harafi da harafi ko da abin ya yi muni a ido. Na biyu, inda ƙa'idar rubutu ta ce a sa, wato farkon jimla da sunan yanka da taƙaitattun sunaye irin su HTTPS da SQL. Duk sauran kalmomi, komai girman ma'anarsu, su zauna da ƙananan baƙaƙe, kuma yadda aka rubuta kalma a shafi na ɗaya haka za a rubuta ta a shafi na arba'in. Marubucin waccan takarda bai yi ƙarya ba ko sau ɗaya. Laifinsa shi ne ya naɗa wa kowa rawani, har mai karatu ya kasa gane wane ne hakimi wane ne ɗan rakiya. Da ya bar cookie da session da password a matsayinsu na gama-garin sunaye, da hannunsa bai saba da naɗin ba har ya kai shi kan DEBUG.

Wani zai ce ai wannan maganar rubutun manhaja ce, ba ta shafi zuben bayani da ke kewaye da shi ba. Ni kuwa a zuben na fi jin tsoro. Ɗauki kalmar Ingilishi secure, wadda take nufin abin da yake a tsare. Akwai ɗan guntun bayanin da shafi yake ajiyewa a burauzarka domin ya gane ka idan ka dawo, wanda ake kira kuki. Wannan kuki yana da wata alama ta musamman da ake liƙa masa mai suna Secure, wadda take hana burauza aika shi sai ta hanyar da aka ɓoye saƙo, wato HTTPS. Idan jagora ya ce kuki ya zama secure da ƙaramin baƙi, nasiha ce ta gaba ɗaya, kamar a ce maka ka kula da kayanka. Idan ya ce Secure da babba, umarni ne a kan abu guda takamaimai. Ga lafiya da Lafiya sun dawo, a wani harshe, a wani fage. Haka host, wato kwamfutar da take ɗauke da shafi, da Host, sunan wani layi a kan saƙon da burauza take aikawa, wanda mai kutse yake iya yi wa ƙarya. Haka origin da Origin. Marubucin da yake sa babban baƙi yadda ya ga dama ya rushe wannan bambanci, kuma bai san ya rushe ba.

Wanda aka haifa cikin Ingilishi yana iya tsallake irin wannan rami da ƙarfin sabo, ya gane abin da ake nufi daga yanayin jimla. Mu da Ingilishi yake harshenmu na biyu ko na uku ba mu da wannan gata. Idan muka ga sunan hari ɗaya an rubuta shi Cross Site Scripting a nan, Cross-site scripting a can, cross site scripting a gaba, sai mu tsaya muna tunanin ko abu uku ne. Ba wauta ba ce, biyayya ce ga abin da aka koya mana, cewa bambancin rubutu yana nuna bambancin ma'ana. Kuma a wannan fage sau da yawa hakan ne. Shi wannan hari ana taƙaita sunansa da XSS, da X a farko, saboda CSS ya riga ya zama sunan wani abu daban, harshen ƙawata shafi.

Bari in nuna yadda abin yake cakuɗe ko da a hannun ƙwararru. Akwai harin da ake kira CSRF, inda mugu yake yaudarar burauzarka, alhali ka riga ka shiga asusunka a wani shafi, ta aika buƙata da sunanka ba da saninka ba. Django yana kare wannan da wata lambar shaida ta sirri. To ka ƙirga kamannin da waɗannan haruffa huɗu suke fitowa da su. A zube CSRF ne. Sunan kukin csrftoken. Ɓoyayyen gurbin da ke cikin fom csrfmiddlewaretoken. Layin kan saƙo X-CSRFToken. Alamar da ake sawa a samfurin shafi csrf_token. Ɓangaren manhajar da yake binciken kuwa CsrfViewMiddleware, da babban C kaɗai. Kama shida, kuma kowacce daidai ce a mazauninta. Ta ƙarshen ma ta saɓa wa shawarar da masu Python suka bayar a takardarsu ta salon rubutu, PEP 8, cewa taƙaitaccen suna ya zauna da manyan baƙaƙensa duka a irin wannan wuri. Amma ba mai iya gyara ta yanzu, domin shafuka masu ɗimbin yawa sun dogara da ita a haka. Irin wannan ne ya sami kalmar Referer, wadda aka rubuta da r guda a tsakiya bisa kuskure a takardar ƙa'idar HTTP ta 1996, ta kuma zauna haka har yau. Daidaito a nan ba ya nufin a mayar da su duka kama ɗaya. Yana nufin a bar kowacce da kamarta a duk inda ta fito, sannan a share fagen da ke kewaye da su daga manyan baƙaƙen ado, domin ido ya gan su sarai.

Masu kula da Django sun gane haka, wataƙila saboda jinin gidan jarida da ke jikinsu. A cikin ƙa'idojin da suka shimfiɗa wa masu rubuta musu jagora akwai jerin kalmomi da yadda za a rubuta kowacce. Django da Python da babban baƙi, domin sunaye ne. Amma model da view da template, waɗanda su ne ginshiƙan firam ɗin gaba ɗaya, an ce a bar su da ƙananan baƙaƙe. Wannan ya burge ni ƙwarai. Kalmomin da suka fi kowanne muhimmanci a gidan su ne aka hana wa rawani. An kuma ce a kanun babi kalmar farko da sunan yanka kaɗai za a ɗaga. Ita kanta kalmar web a da suna rubuta ta da babban baƙi, daga baya suka sauke ta, kamar yadda kamfanin dillancin labarai na Associated Press ya sauke internet da web a littafinsa na salon rubutu a 2016.

Idan kuma ana ganin ɗalibin Hausa ne kawai yake neman wa kansa muhimmanci, to a dubi abin da ya faru a ƙungiyar IETF, masu tsara ƙa'idojin da intanet take gudana a kansu. A 1997 sun fitar da wata gajeriyar takarda, RFC 2119, wadda Scott Bradner ya rubuta, tana fayyace ma'anar kalmomi irin su MUST da SHOULD da MAY, wato abin da yake dole, da abin da ya kamata, da abin da aka bar wa mutum zaɓi. Takardar ta nuna ana yawan rubuta su da manyan baƙaƙe, amma ba ta yanke hukunci a kan wanda aka rubuta da ƙanana ba. Sai gardama ta tashi. Idan marubuci ya sa must da ƙaramin baƙi, doka ce ko magana ce kawai? Shekara ashirin ana wannan ja-in-ja, sai a 2017 aka fitar da wata takardar, RFC 8174, wadda ba ta da wani aiki illa ta ce ma'anar ta musamman tana kan manyan baƙaƙe kaɗai. Injiniyoyi ne fa, ba malaman nahawu ba.

Abokina bai sallama da sauƙi ba, kuma hujjojinsa ba na yarwa ba ne. Ya ce da ni, "Malam na Hausa, ka cika tsanani. Sunayen layukan kan saƙo ai na'ura ba ta damu da girman baƙinsu ba. Ka rubuta Host ko host ko HOST, duk ɗaya ne a wurinta." Gaskiyarsa. Hasali ma tsarin HTTP/2 na 2015 da ƙananan baƙaƙe yake aika su duka. Na ce masa, "Mutumina, ai ba na'ura ake rubuta wa jagora ba, kai ake rubuta wa. Kai kuma ba ka san inda ta damu da inda ba ta damu ba, shi ya sa ka buɗe jagoran." A saƙo ɗaya, sunan layi ba ruwansa da girman baƙi, amma GET da POST dole manya, sunan kuki kuma dole yadda aka raɗa shi. Mai koyo ba zai iya riƙe wannan taswira a kansa ba. Abin da zai cece shi shi ne ya amince cewa abin da ya gani a jagora haka yake, ya kwafa.

Hujjarsa ta biyu ta fi ƙarfi. Ya ce jagoran asali yana bambanta sunayen na'ura da wani irin rubutu na daban mai kama da na tafireta, a cikin ɗan akwati, saboda haka babban baƙi ba shi ne kaɗai alama ba. Haka ne, a kan allon da aka tsara domin haka. Amma mu nan ta yaya ilimin yake iso mana? Wani ya kwafo ya zuba a WhatsApp, wani ya ɗauki hoto, wani ya buga a shagon kwafi da injin da tawadarsa ta kusa ƙarewa, wani ya rubuta a allo da alli. A wannan tafiya akwati yakan faɗi, launi yakan faɗi, salon rubutu yakan faɗi. Babban baƙi ne kaɗai yake isa gida da ransa.

Ta uku kuwa ni na kawo wa kaina ita, domin ta fi kusa da fagenmu. Larabci ba shi da babba da ƙaramin baƙi. Ajaminmu ma haka, kuma kakanninmu sun yi ɗaruruwan shekaru suna rubutu da shi ba su rikice ba. Sinanci da Japananci ma haka, ga shi kuwa ana fassara jagororin manhaja zuwa cikinsu. To me ya sa za a ce abin dole ne? Da na yi tunani sai na ga amsar tana cikin tambayar. A shafin da aka rubuta da Larabci ko Japananci, sunan saiti yana zama da haruffan Rumawa a tsakiyar wani rubutu daban, ya fito fili kamar farar saniya a garken baƙaƙe. Sauyin rubutun ya yi aikin alama. Mu kuwa bokonmu haruffansa ɗaya da na Ingilishi, in ka cire masu lanƙwasa. Idan aka fassara babin tsaro zuwa Hausa, sunan na'ura da kalmar Hausa za su zauna kafaɗa da kafaɗa cikin tufafi iri ɗaya. Nauyin da ke kan babban baƙi a Hausa ya fi wanda ke kansa a Larabci nesa ba kusa ba.

Abin da na yarda da shi daga masu sukar wannan ra'ayi shi ne, ba kowane zaɓi ne ya cancanci faɗa ba. Ko a rubuta web ko Web, ba wanda za a sace wa kuɗi. Masu kula da waɗannan manhajoji da yawansu aikin sa kai suke yi, kuma na fahimci takaicin wanda yake fama da ramin da ɓarayi za su iya shiga, wani kuma ya zo masa da gyaran harafi ɗaya a kanun babi. A irin wannan, wanda aka zaɓa bai dame ni ba, riƙe shi ne ya dame ni. A zauna sau ɗaya a yanke, a rubuta a jeri, a huta. Amma kada a ce wai girman baƙi ba maganar tsaro ba ce. A watan Disamba na 2019 sai da Django ya fitar da gyaran gaggawa saboda wani rami a fom ɗin sauya kalmar sirri. Turkanci yana da wani harafin i marar ɗigo, wanda idan aka ɗaga shi yake komawa I, daidai da namu. Sai ya zamana mugu yana iya kawo adireshin imel mai wannan harafi, manhaja ta ɗauke shi daidai da na wani, ta aika masa mabuɗin asusun mutumin. Hakin da ka raina ke nan.

Yanzu bari mu taka namu tudun kafin mu ci gaba da hango na wasu. Ɗauki kowace mujalla ko takardar sanarwa ta Hausa, har da irin waɗanda muke liƙawa a allon sashenmu. Za ka ga Kwamfuta a layi na biyu, kwamfuta a na biyar. Za ka ga Harshe da Adabi da Al'ada a tsakiyar jimla suna tafe da rawunansu. Za ka ga Gwamnati, Jami'a, Ɗalibai, Ilimi. Mu mutane ne masu girmamawa, kuma mun mayar da babban baƙi wata hanyar rusunawa. A wasiƙar gaisuwa wannan ba ya kashe kowa. Amma hannun da ya saba da haka shi ne gobe za a ba fassarar gargaɗin banki, ko bayanin manhajar asibiti, ko babin tsaro na wani firam. Tun 2020 Django ya shigar da Ibo cikin harsunan da fuskarsa take magana da su, wanda yake nuna harsunan ƙasar nan sun fara shiga wannan fage. An yi aikin keɓaɓɓun kalmomi na nazarin harshe da adabi a ƙamus ɗin da Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990, an yi tarurrukan daidaita rubutu a Bamako a 1966 da Yamai a 1980, amma waɗancan magabata ba su da dalilin tunanin ranar da na'ura za ta ƙi bin umarni saboda girman harafi. Wannan ya rage namu.

Akwai ma matsalolin da sai mai nazarin harshe zai hango su. Ƙa'ida ta ce a fara jimla da babban baƙi. To idan kalmar farko csrftoken ce fa? In ka ɗaga c ɗin ka bi Malam ka saɓa wa na'ura, in ka bar shi ka bi na'ura ka saɓa wa Malam. Mafita ita ce kada ka yarda irin wannan suna ya zo farkon jimla. Ka ce "Kukin csrftoken yana…" sai kowa ya huta. Sannan ga maganar ɗafa madanganci ko nasaba. Kada a liƙa wa sunan na'ura -n ko -r a jikinsa, domin mai koyo zai kwafe har da ita. Hausa ta riga ta ba mu ɗin, wadda take tsayawa ita kaɗai: URL ɗin, DEBUG ɗin. Kalmar da muka Hausantar kuwa, irin su kuki da burauza da fayil da imel, ta zama tamu, gama-garin suna ce kamar tebur da bokiti, ba ta da wani haƙƙi a kan babban baƙi.

Daga ƙarshe ni da abokina mun zauna dare biyu mun sake rubuta waccan takarda, da Ingilishi a gefe ɗaya da Hausa a ɗaya gefen. Shi yana duba kowane suna a jagoran asali yana karanto mini harafi da harafi, yana cewa babba, babba, ƙarami, ni kuma ina bin zuben ina sauke rawuna. A shafi huɗu na sauke fiye da sittin. Mun ƙara layi ɗaya a sama da ke cewa duk abin da aka gani da manyan baƙaƙe a kwafe shi yadda yake, mun kuma ƙara umarnin nan na duba shiri da aka manta. Wuri ɗaya ne muka kasa daidaitawa. Shi ya dage cewa Intanet guda ɗaya ce a duniya, saboda haka sunan yanka ce kamar Kano. Ni na ce rana ma guda ɗaya ce, ba mu taɓa ɗaga ta ba. Da yake a gefen Hausa ni ke riƙe da alƙalami, intanet ta zauna da ƙaramin baƙi sau tara a takardar. A gefen Ingilishi ya bar ta da babba, sau tara shi ma, na ƙirga.